Kada a Ba Lado

Damagaram, 14 ga Mayu, 2023

Zuwa ga 'yata Malama Safinatu Dogo, Gumel.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni dai alhamdu lillahi, ƙafa tana taka ƙasa, ciki yana karɓar tuwo, kunne ne kawai ya yi ritaya ya bar ni. Shi ya sa kika ga takarda a wannan zamani na waya. In 'yata Hidaya ta kara mini waya a kunne, daidai yake da ta kara mini takalmi. Rubutun cikin waya kuma sai jikoki sun karanta mini, ni kuwa ba na son maganata ta bi ta bakin yara. Ɗalha direba, mai zuwa kasuwar Maigatari duk Alhamis, shi ne gidan wayata.

Ya ƙarin haƙurinmu? Labarin rasuwar mahaifinki ya iske ni bayan an yi addu'ar bakwai. Allah ya jiƙan Dogo, ya sa shekara biyar ɗin da ya yi kwance ba baki su zama kaffara. Zumuncinmu sai an zauna an warware shi, kakarki da mahaifina 'ya'yan wa da ƙani ne, amma ni da Dogo kwano ɗaya muka ci tun muna gudu ba wando a Gumel.

To, ga abin da ke tafe da ni. Ke ba ki san Baffanki a lokacinsa ba, tsoho kika tarar. Mu biyar ne, Samarin Kan Iyaka, ni ke riƙe da jita, Zaharaddini ke waƙa, Abdulfatah ke kan ganguna, da wasu biyu masu busa. Daga 1979 zuwa 1991 babu bikin da ya isa biki daga Gumel har Magarya in ba mu taka wurin ba. An ce yabon kai jahilci, to ni jahili ne, rubuta ki ajiye. Bayan mun watse da shekara goma sha biyu, mutanen gari suka matsa sai mun sake haɗuwa ko sau ɗaya ne. Muka haɗu a ƙarshen kakar 2003, a filin makaranta, daga la'asar zuwa kiran magariba, da furfurarmu da tumbinmu, ana ta kiranmu samari. Mahaifinki ne ya ɗauki wasan a bidiyo.

Shekara goma sha biyar ina bin Dogo ya ba ni kaset ɗin nan. Yau ya ce yana Kano ana gyara shi, gobe ya ce makullin akwati ya ɓace. Har uwar su Hidaya, Yelwa, ta rasu, aka kwaso ni aka kawo nan, shi kuma ciwo ya kwantar da shi, ban taɓa sa kaset ɗin a idona ba. Yanzu a cikin mu biyar ni kaɗai na rage. Ji ya tafi, gani ne ya saura mini. Ina so in ga fuskar Zaharaddini, in ga yatsuna suna gudu a kan tsirkiya, in nuna wa jikokin nan da suka ɗauka aikina a duniya korar kaji ne.

Akwai wuri ɗaya da nake son gani fiye da ko'ina. Muna tsakiyar «Ruwan Gagarawa», Zaharaddini ya ja baya ya bar mini fili, na ɗora jita a ƙeya ina kaɗawa. Sai wata mata daga can baya ta rangaɗa guɗa, doguwa, wadda ta keta ƙarar lasifika huɗu. Ban san ko wace ce ba har yau. Da na koma gida na tarar da Yelwa a kan darduma, domin kin san 'yar limamin Gagarawa ce, ba ta taɓa zuwa wasana ba, kuma ta rantse ba za ta je wannan ba. Na ce mata, «Kina nan kina jan carbi, wata can ta yi wa mijinki guɗa.» Ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce, «Allah ya shirye ta.»

An ce kayan shagon Dogo suna hannunki. Ki duba mini, ki ba Ɗalha.

Baffanki,
Lado Mai Jita

*

Gumel, 7 ga Yuni, 2023

Zuwa ga Baffa Lado.

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, maigidana ya karɓo ta a Maigatari. Mun gode da ta'aziyya, Allah ya ba da lada, ya bar zumunci. Muna lafiya, sai ƙaramar cikin yaran da ta yi ƙyanda, ta kuma warke. Ruwa ya sauka sau biyu, an yi shuka a wajen Sule Tankarkar inda nake koyarwa, mu nan gari muna jira. A gaida Hidaya da yaranta.

Baffa, ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Akwatunan Baba guda tara ne, kowanne cike da kaset na biki da suna da saukar karatu, wasu fumfuna ta ci su, wasu ɓera. Na bi su ɗaya bayan ɗaya a ranakun da ba makaranta. Ba zan yi maka ƙarya ba, na ga kaset ɗin da kake nufi.

Sai dai ba zan iya aiko shi yanzu ba. Akwai abin da ya tsaya mini a rai game da shi, ban kuma san yadda zan faɗa maka a takarda ba. Wani abin, Baffa, gara a bar shi inda magabata suka ajiye shi, don mutuncin kowa. Ka ba ni lokaci in yi tunani.

Na sa Ɗalha ya riƙo maka kuka da daddawa irin ta gida, da hula ɗaya daga cikin na Baba, don ka riƙa tunawa da shi a addu'a.

'Yarka,
Safinatu

*

Damagaram, 18 ga Yuni, 2023

Malama Safinatu,

Sallama da gaisuwa. Kuka da daddawa sun iso, na gode. Hular Dogo ta yi mini yawa, dama kansa ya fi nawa girma, ko da yake ba a nan take ba. Lafiyata lau, sai dai takardarki ta hana ni cin abinci yini guda.

Na karanta ta sau uku. «Don mutuncin kowa.» Ashe har yanzu da sauran wannan magana? Na gane, ke malama ce, mijinki mutumin kirki ne mai zama sahun gaba, ba kwa son a ce a danginku akwai makaɗi. Ba ke kika fara ba. Ranar ɗaurin aurena da Yelwa, rabin dangin liman ba su zo ba, wai ya ba da 'yarsa ga maroƙi. Ni kuwa ban taɓa tsayawa ƙofar gidan wani ina kirari ba. Kayan kiɗanmu da guminmu muka saye su, kwat iri ɗaya muke sawa, tela ɗaya ke ɗinka mana.

Bari in gaya miki abin da ba a koyarwa a makarantarku. Shekarar da fari ya ci ƙasar nan, mu muka yi wasa kwana uku a Maigatari, abin da aka samu aka sayi gero aka kai ƙauyuka. Sojan kan iyaka, na nan da na can, in sun hango motarmu ɗaga sanda suke yi suna rera mana waƙarmu. Mata a bakin rijiya, direbobi a tasha, har masu kiwon da ba su jin Hausa sosai, kowa ya iya «Ruwan Gagarawa, na sha ban ƙoshi ba.» Ni na yi waƙar nan, kuma ba sai na faɗa miki ko don wa na yi ta ba. Wannan shi ne abin da kike so a bari a akwati ɓera ya ci?

Ba na jin kunyar ko rana ɗaya da na yi da jita a wuya. In ku kuna ji, ku turo mini abina in ɗauke muku nauyi. Ba wanda zai san ta hannunki ya biyo.

Lado

*

Gumel, 5 ga Yuli, 2023

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka huce, ka kuma koma cin abinci. Mu muna lafiya, gero ya kai gwiwa.

Wallahi Baffa ka yi mini fassarar da ban nufa ba, har na yi kuka. Ni da nake goye a bayan Inna ana kunna kaset ɗinku a rediyon gidanmu? Maigidan nawa da kake cewa, in yana wanke babur «Ruwan Gagarawa» yake yi, muryar ce dai Allah bai ba shi ba. A makaranta ma, in aka yi zancen mutanen da, ni ce mai bugun ƙirji ina cewa mai jitar nan Baffana ne. Laifina ne da na yi maka magana a dunƙule. Ina gudun in ɓata maka rai, sai ga shi na ɓata ta wata hanya.

To ga gaskiya, tunda ba makawa. Kaset ɗin ba a cikin sauran yake ba. A ƙasan akwatin tufafin Baba na same shi, naɗe cikin ɗankwali. A jikinsa akwai rubutu da hannun Baba, da jan biro: «Samarin Kan Iyaka, 2003. Amanar Yelwa. Kada a ba Lado.»

Shi ke nan abin da aka rubuta, ba dalili, ba kwanan wata. Ka ga tsaka mai wuyar da na shiga. Kai kana raye kana roƙona, su biyun da suka ƙulla maganar suna ƙasa, ba wanda zan tambaya. Baba bai taɓa cin amanar kowa ba, ina tsoron in zama ni ce zan ci masa bayan ransa. Ban kalle shi ba, na mayar da shi inda na gan shi.

Ka gafarce ni. Abin da ka ce shi zan duba.

Safinatu

*

Damagaram, 16 ga Yuli, 2023

Safinatu,

Sallama. Na samu, ina lafiya. Ki yafe mini zargin da na yi miki, tsufa ne da zafin kai.

Ashe ba Dogo ba ne, ita ce. Shekara talatin da bakwai muna tare, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ba ta taɓa barin kwat ɗina da datti ba, kuma ba ta taɓa cewa «ka iya» ba ko sau ɗaya. Ina cewa kawaici ne irin na gidan malamai. Yau na san kunyata take ji, har ta bi ta bayan gida ta toshe don kada 'ya'yanta su ga ubansu yana rawa da jita a ƙeya. Abin ya yi mini ciwo, 'yata, ba zan ɓoye miki ba.

Tunda haka ta so, a cika mata. Ki ƙone shi. Kada ki bar shi a akwati wani jika ya tsinta. Kada kuma ki gaya wa Hidaya komai, uwarta ce.

Lado

*

Damagaram, 31 ga Maris, 2024

'Yata Safinatu,

Assalamu alaikum. Ya ibada, ya shan ruwa? Ina fatan azumi yana zuwa muku da sauƙi. Wata takwas ke nan ba takarda tsakaninmu, tunda manya suka yi rigimarsu suka rufe iyaka, motar Ɗalha ta zauna har kaji suka fara ƙwai a ƙarƙashinta. Yanzu an buɗe, ya ce Alhamis zai gwada hanya. Ni na yi jinya da sanyin bana, ƙirji ne, har an kwantar da ni kwana shida. Na tashi, amma na ga alama.

Magana zarar bunu ce. Kwana uku da tafiyar waccan takarda na yi da na sani, na zauna na rubuta wata in ce ki dakata, kafin Alhamis ta zagayo hanya ta rufe. Tana nan a aljihuna har ta yage. Da na sa Hidaya ta kira ki, amma da wane baki zan ce wa 'ya ta tambayo ko an ƙone abin da uwarta ta ɓoye mini? Sai ga shi wajen watan Satumba ta rubuto mini a bayan kwalin shayi, wai kin bugo kin ce a gaya wa Baffa kin yi abin da ya kamata. Na ce shi ke nan, Lado, ka kashe Samari da hannunka.

Ba ina zarginki ba ne, umarnina kika bi. Amma a gadon asibiti na yi ta ƙoƙarin tuno fuskar Abdulfatah, ta ƙi zuwa. Gangunan nake gani, da hannuwa, ba fuska. Ko da Yelwa ta ji kunyata, su huɗun nan me suka yi da zan sa a ƙone su?

Abu ɗaya nake roƙo. In kin leƙa shi kafin ki sa masa wuta, ko na minti ɗaya ne, ki rubuto mini abin da kika gani. Wace irin hula ce a kan Zaharaddini, mutane sun kai nawa. In ba ki leƙa ba, ki ce ba ki leƙa ba, kada ki ƙirƙiro don ki faranta mini.

Baffanki,
Lado

*

Gumel, 10 ga Afrilu, 2024

Baffa,

Wa alaikumus salam, barka da salla. Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu duk lafiya, yara suna ta gaishe ka.

Baffa, ban ƙone ba! Inna lillahi, ashe saƙon da na ba Hidaya wuta ya zame maka. Ka hana ni gaya mata komai, shi ya sa na dunƙule shi, ina cewa za ka gane. Ga shi sau biyu ke nan dunƙulewata tana cutar da kai, na tuba, daga yau a buɗe zan riƙa yi maka magana.

Ranar da takardarka ta bara, wadda ka ce a ƙone, ta zo har na hura gawayi. Na ɗauko kaset ɗin na tsaya a kansa, hannuna ya ƙi. Na ce a raina, an ce kada a ba Lado, ba a ce kada Safinatu ta gani ba. Na kwashi na'urar Baba na kai wa wani tsohon mai gyaran rediyo a kasuwa. Ya buɗe kaset ɗin, ya bi zaren da auduga yana goge fumfuna a hankali, kwana biyu yana yi, ya kuma ƙi karɓar ladan aikinsa da ya ji na su wane ne. Ya ce shi ma yana filin ranar, a kan katanga.

Yanzu ka daure, akwai labari mara daɗi. Ba kwa ciki, Baffa. Sa'a biyu da 'yan mintuna, Samarin Kan Iyaka ba su fito na minti uku ba. Ka san aikin Baba. Shi mai ɗaukar biki ne, kuma a biki abin da ake kawo masa ƙara kullum shi ne, «Dogo, na zo amma ban ga kaina ba.» Ya saba amarya ba ta ƙorafi, 'yan gayya ne ke yi. To haka ya yi muku. Ya juya wa dandamali baya, ya bi jama'a layi layi, daga masu kujera har masu sayar da rake, ba wanda ya tsallake. An ga Baffa Zaharaddini sau biyu, jar dara ce a kansa. An ga Baffa Abdulfatah yana shan ruwa, fuskarsa tar, yana dariya. Kai kuwa an ga gwiwar hannunka da wuyan jita, sai wani wuri da takalminka ya fito, fari, mai tsini. Na yi dariya na yi kuka, na ce Baba, Allah ya jiƙanka, wane irin aiki ne wannan.

Amma abin da na gani a ciki ya sa washegari na hau mota zuwa Gagarawa Tasha, na ɗauki ɗan acaɓa zuwa wajen Iya Rabi'atu, yayar Gwaggo Yelwa. Ta tsufa ƙwarai, amma hankalinta garau. Ina ambaton kaset sai ta kama dariya har da tari. Ta ce, «Dogo bai ba shi ba har yau? Ai a gabana aka yi. Washegarin wasan muka je shagonsa ni da ita, ta ce masa, Dogo, na haɗa ka da Allah, muddin ina numfashi kada Lado ya ga wannan abu. In na mutu ka ba shi, ya yi ta surutunsa shi kaɗai.» Na ce, «Iya, kin tabbata ta ce in ta mutu a ba shi?» Ta ce, «Ke 'yar nan, ni zan yi wa ƙanwata ƙarya tana kabari? Kai masa, ya isa haka.»

Ka ga ashe wa'adin amanar ya cika tun 2018. A shekarar aka ɗauke ka zuwa Damagaram, shi kuma Baba jikinsa ya shanye, baki ya tafi, rubutun ya zauna yadda yake.

An juye shi a memori, yana cikin ambulan ɗin nan, naɗe a takardar goro. Ba wanda ya kalla sai ni da mai gyara. Ban tura wa Hidaya ta waya ba don ina so idonka ya riga na kowa. Ka sa a kunna maka a talabijin babba, ba a waya ba. In an kai sa'a ɗaya da minti goma sha ɗaya, ka dubi hannun hagu, bayan igiyar da aka kewaye wajen mata, gindin darbejiya. Ba zan ƙara ko kalma ba.

'Yarka,
Safinatu

*

Damagaram, 21 ga Afrilu, 2024

'Yata, 'yar albarka,

Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau, na fi wata takwas ɗin nan lafiya. Allah ya yi miki albarka, ya sa 'ya'yanki su ƙi jin maganarki a inda ya kamata, kamar yadda kika ƙi jin tawa. Ki kai gaisuwata ga Iya Rabi'atu, ki ce surukinta ya ce za mu haɗu, akwai shari'a tsakaninmu.

Bayan la'asar na kori kowa daga ɗaki, na sa Hidaya ta kunna ta fita. Da farko zagin Dogo na yi ta yi, Allah ya yafe mini. Shekara ashirin ina jiran in ga kaina, sai takalmi! Amma takalmin ma ki duba shi da kyau, babu irinsa a Gumel a lokacin.

Can sai na bar zagi, na zuba ido. Ban ji ko ɗigon sauti ba, amma wallahi na san kowace waƙa muke yi. Ƙafafun mutane nake kallo, da kafaɗunsu, da bakinsu, domin kurma ya iya karatun leɓe. Ga taken buɗewa, ga inda Abdulfatah ke sauya kiɗa, duk filin ya karkata lokaci ɗaya. Mu a kan dandamali ba ma ganin komai sai kawuna da ƙura. Ban taɓa sanin haka fuskokinsu suke ba in muna yi. Na ga mahauta da 'yan tasha da malaman makaranta kafaɗa da kafaɗa, na ga tsoho yana share hawaye da hularsa, na ga mutum fiye da arba'in da na sani waɗanda yanzu ba sa duniya, kowa baki buɗe yana rera abin da na tsara a zauren gidanmu. Da Dogo ya ɗauke mu, da tsofaffi biyar masu tumbi zan gani. Ashe ya fi ni sanin inda wasan yake.

Sai sa'a ɗaya da minti goma sha ɗaya.

Mata biyu ne a gindin darbejiya, nesa da kowa. Ɗaya Rabi'atu ce. Ɗayar ta ja mayafi har hanci, mayafin ma na aro ne, ban san shi a gidana ba. Amma ni za a ɓoye wa tsayuwar Yelwa? Mayafin yana zamewa tana gyarawa, bakinta yana motsi. Na matsa har goshina ya taɓa gilashi. «Ruwan Gagarawa» take yi, baiti bayan baiti, ba ta tsallake ko ɗaya ba, har da na ƙarshen nan da ba mu taɓa sawa a kaset ba, sai a zaure in muna gwaji. Ashe duk shekarun nan tana bayan katangar zaure tana sauraro.

Daga nan jama'a suka miƙe tsaye gaba ɗaya, na san na ɗora jita a ƙeya. Sai na ga ta saki mayafin, ta ɗaga kai, ta kama hanci da yatsu biyu. Safinatu, guɗa ba sai da kunne ba. Na ga jijiyar wuyanta ta miƙe, na ga mata suna waiwayowa, Rabi'atu tana jan zanenta tana neman rufe mata baki. Da ta sauke sai ta yi ido huɗu da kyamara. Ta zaro ido, ta rufe fuska, ta nuna Dogo da yatsa tana kaɗawa. Hoton ma rawa yake yi, Dogo dariya yake.

'Yar liman! Ta riga ni gida da gudu, ta shimfiɗa darduma, ta ɗauki carbi. Shekara goma sha biyar ina yi mata gori da guɗarta, tana ce mini Allah ya shirye ta, ko murmushi ba ta taɓa bari ya kuɓuce mata ba. Ta san halina. Da na gani tana raye, da ba ta sake shan ruwa lafiya a gidan nan ba, da har liman sai na je kabarinsa na ba shi labari.

Na buɗe ƙofa na kira Hidaya da yaranta duka, na sa aka mayar baya. Na ce ku zo ku ga kakarku. Sau tara muka kalla. Ƙaramin ya tambaya wai ina nake a ciki, na ce ga takalmina nan, sauran kuma ku duba fuskar matar can.

Asalin kaset ɗin ki riƙe, ki mayar da shi cikin ɗankwalinsa, kada ki goge rubutun Dogo. In Allah ya kai mu kaka zan zo da ƙafata, mu kafa talabijin a filin makarantar da muka yi wasan da rana tsaka, a yi shela duk wanda ya san ya zo a 2003, ko uwarsa ko ubansa, ya zo ya ga kansa. Ba wanda Dogo ya tsallake.

Ni yanzu addu'ata bayan kowace salla ta ƙaru da ɗaya. Allah ya jiƙan Yelwa, ya haɗa mu, ya kuma mayar mini da kunnena a can, domin akwai guɗar da nake so in sake ji, wannan karon ina kallon mai ita.

Baffanki,
Lado Mai Jita, mijin Yelwa